Bishiyar da Aka Bari Ita Kaɗai

Kakata Zuleide ba ta shiga daji da asuba.
Takan ce a bar iska ta gama jifa tukuna,
don ƙwallon kastanya ya kai kan jariri,
in ya taho daga kamu ɗari ba ya sallama.

Sai rana ta ɗaga nake bin sawunta,
kwando a bayana, adda a hannunta,
kogin Shingu na gunaguni ta hagunmu,
ruwan Janairu na ɗiga daga kowane ganye.

A gindin uwar bishiya ta tsuguna,
ta nuna ƙwallon da aka riga mu buɗewa.
"Dubi gurbin haƙori, Edivan. Kutiya ta zo."
Kutiya, mai kama da gafiya, sai dai tsawon ƙafa,
ita ke da haƙorin huda wannan ƙoƙo.
Ta ci uku, ta binne bakwai don ranar yunwa,
ta manta inda biyu suke.
"Mantuwarta ce ta shuka dajin nan," in ji kaka,
"ba kakanka ba, ba gwamnati ba."

Na ɗaga ƙoƙon, ashe ruwan sama ya cika shi,
talibambam na kaɗa wutsiya a ciki.
Wani ɗan kwaɗo baƙi mai ɗigon fari
ne ya goyo shi har nan,
ɗakin hayar da ba a tambayar kuɗinsa.
Na mayar da shi yadda na same shi.

Labarin sama kuwa da baki ta ba ni,
don idona bai kai can ba.
Furen bishiyar, in ji ta, murfi gare shi kamar tukunya,
ƙaramin ƙudan zuma sai dai ya zagaya ya wuce.
Wata ƙatuwa ce mai sheƙin ƙarfe
ke sa kafaɗa ta ɗaga, ta shiga,
ta fito da gari a gadon baya.
Mijinta kuwa ɗan ƙwalisa:
yana bin wani fure da ke maƙale a reshe,
yana tara ƙamshi a aljihun ƙafarsa,
don in ba turare ba mai kallonsa.
Nan kaka kan yi dariya har tari ya sarƙe ta:
"Turaren wani ke saya maka takalmin makaranta."

Bana shekara tara da binne ta.
Motar madara nake tuƙawa a hanyar Altamira.
Inda muke tsugunawa, yanzu ciyawa ce da shanu
har iyakar gani.
Doka ta hana a sare kastanya,
sai aka sare kowa aka bar ta.

Ga ta can tsakiyar fili, tsawonta bai ragu ba.
Kowace shekara tana fure,
kamar mai shimfiɗa tabarma tun hantsi
har magariba baƙi ba su zo ba.
Mai turare ya rasa reshe,
mai kafaɗa ta rasa miji,
mai haƙori ba ta ratsa fili, shaho na sama.

Jiya na kashe inji, na tsallake waya.
Na daɗe ina tona ciyawa da ƙafa
kafin na sami ƙwallo guda, ɗaya tak,
lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu,
lafiyar da ta tsorata ni.

Sara huɗu kafin ya buɗe, hannu ya manta.
Na ci uku a tsaye, ina jin muryarta.
Sauran na kai bakin ɗan kurmin da ya rage
bayan gadar katako,
na durƙusa na tona da yatsu,
nan ɗaya, can ɗaya, ban sa alama ba.

Madara ta kusa tsami, an zage ni a kamfani.
Yau kuma na bi ta gadar, ban rage gudu ba,
ina ƙoƙarin in manta inda na sa su.