Littafin Mai Koren Bango

A ɗakin karatu na Liyefaja, bakin teku,
inda iska ke shigowa da ƙarnin kifi da gishiri,
shekara goma sha tara ina buga hatimi a bayan littattafai.
Akwai wani mai koren bango,
labarin yarinya da ubanta mashayi.
Kwafi ɗaya gare mu. Ya sha hannu har ya yi laushi.

Dzintra mai ɗinkin labule ce ta fara ara.
Kwana biyu ta dawo da shi,
ta ajiye kamar mai sauke garwashi.
"Wa ya gaya wa marubuciyar nan
yaro kan san irin daren da za a yi
tun daga yadda makulli ke laluben ƙofa?"
Ban tanka ba. Ba ni take tambaya ba.

Gunars, tsohon matuƙin jirgin kamun kifi,
sau huɗu yana sabunta aro.
Tikitin motar da ya sa alama
bai taɓa wuce shafi na tamanin da shida ba,
wurin da uban ya zare bel.
Ran da ya mayar, yatsunsa na rawa,
ya ce rubutun ƙanana ne, ido ya gaji.
Shekara bakwai rabonsa da kwalba, kowa ya shaida.
'Ya'yansa uku suna ƙetare,
ba mai bugo waya.

Wani, ban san ko wane ne ba,
ya bi babin ƙarshe da fensir,
inda yarinyar, ta riga ta yi furfura,
ke zaune bakin gadon asibiti
tana ba tsohon miya da cokali.
A gefe ya rubuta: ƙarya ne.
Ƙarƙashinsa, wani hannu, shuɗiyar tawada:
ni na yi haka, bai gyara komai ba, amma na samu barci.
Can ƙasa, ƙanana kamar sawun tururuwa:
ni ban je ba, kuma barcina nake yi.
Doka ta ce in goge.
Na ɗauki magogi, na juya shi, na mayar aljihun tebur.

Daren Alhamis masu karatu suka taru, su tara,
shayi ya huce ba wanda ya kurɓa.
Ojars ya ce jini ba ya zama ruwa, uba uba ne.
Mirdza ta cire tabarau.
"Mai maye kan manta kafin gari ya waye," in ji ta,
"wadda ta kwana ƙarƙashin tebur ita ke riƙe da lissafi.
Yafiya kyauta ce, ba haraji ba.
Me ya sa kullum sai a shafin ƙarshe
ake miƙo mana takardar biya?"
Sai wata da ba ta taɓa magana ba, Solvita,
ta ce ita ba uban ne ya hana ta barci ba,
uwar ce,
da take ƙara sautin rediyo.
Ɗakin ya yi tsit, har muna jin igiyar tuta na dukan ƙarfe a waje.

Ni kuwa ban karanta shi ba.
Na san nauyinsa, na liƙe masa baya sau biyu.
Kabarin mahaifina na ƙarshen layin tarago,
nakan biya kuɗin shara, ban taɓa kai fure ba.

Jiya wata yarinya ta kawo shi gabana,
ba ta fi sha huɗu ba,
doguwar riga har wuyan hannu, ga rana tana ƙuna.
Ta ce, "Ƙarshensa da daɗi?"
Na ce masu karatu ba su daidaita ba tukuna.
Na buga hatimi, na ƙara mata mako biyu,
na ce muna buɗe har takwas na dare,
kujerar bayan taswira ba mai zama,
kuma ba a tambayar kowa dalili.

Ta duba ni, ta duba kujerar.
Ba ta tafi gida da shi ba.