Sallama Ta Waya

Ƙarfe sha ɗaya a Agege, ruwa ya ƙi tsayawa.
Janaretan Baba Kunle yana tari a bayan katanga,
ni kuwa ina durƙushe ƙarƙashin tebur,
tocila a baki, ina lalubar ƙeyar kwamfuta.

Ba ta da ƙofar da tsohon modem ya sani.
Shi haƙoransa tara, ita bakinta siriri,
sai na sayo musu tafinta a kasuwar Ikeja,
'yar igiya shuɗiya, naira ɗari takwas.
Yaron ya rantse mini ba jabu ba ce.

Na buɗe baƙin allo, na rubuta AT.
Shiru.
Sallama ce fa, haruffa biyu kacal,
ko wanda kuke gaba da shi yakan amsa.

Ashe ƙofar wani gida nake ta bugawa.
Ina kiran ttyS0, mutumin yana zaune a ttyUSB0.
Na gyara. Injin ya ce ba ni da izini.
A ɗakina! Da wutar da nake biya!
Na haɗiye, na sa sunana a rukunin masu kira,
na fita, na sake shigowa kamar baƙo.

AT.
Sai ga amsa, amma tsakuwa ce da sawun kaji.
Na gane: sauri nake yi masa.
Na sauko zuwa dubu tara da ɗari shida,
yadda ake yi wa kaka magana, a hankali, kusa da kunne.

OK.

Na cire tocilar daga bakina.

Saura layi. Na ɗaga kan tarho, babu ko numfashi.
Na bi waya da yatsa har bakin taga,
inda damshin Ikko ya mai da jan ƙarfe kore.
Reza, ɗan kankara, ledar biredi, ƙulli biyu.

Ya buga lamba.
Can wani wuri wani inji ya ɗauka,
suka shiga gaisuwa da tsuwa da shaƙewa:
ina gajiya, ina aiki, yaya ruwa,
kowa yana rage murya don ɗan'uwansa ya ji,
har suka daidaita, suka yi tsit.

Saƙo ɗaya ne ya sauko, layi-layi,
daga Sallau a Gusau, tun ranar Talata:
"Mun ji shiru. Lafiya dai?"

Na goge hannu a wando,
na jawo kujera.