Buji na Huɗu

Asabar, Gweben Zogi, inuwar bedi,
na ɗaga kapo na tokare da taɓarya.
Uku sun fito salin-alin,
baƙaƙe wuluk kamar gindin tukunya.

Na huɗun fa?
Wanda ya ƙera injin nan
bai taɓa gaisawa da Ba'adare ba.
Ya cusa shi can bayan tiyo,
inda kile ke shiga, hannu ya tsaya.
Na bar fatar yatsu uku a jikin ƙarfe.

Tsahara, mai riƙe mini fitilar salula,
ta ce, "Baba, matsa."
Shekara tara, hannu kamar sillen kara.
Ta zura har kafaɗa,
ta ciji leɓe, ta murza.

Da mota ta tashi
sai ta miƙo tafi, duk baƙin mai:
"Kuɗin makanise. Dala ashirin."