Takardar Hurera

A ƙasan adakar kakata Hurera, a Tawa,
ƙarƙashin zanen saƙi da ƙamshin kanumfari,
na tarar da mujallar da Anaruwa ya kawo daga yaƙi.
Gara ta ci bangon, ta bar matar:
Baturiya mai ƙugun zanzaro,
kafaɗa a tsaye kamar ta soja,
tana tallar sabulun da bai taɓa isowa kasuwarmu ba.

Hurera ba ta jin Faransanci.
Da ido ta auna, da taƙi ta gwada,
ta zana wuya da hannu a takardar buhun sukari.
Shekarun da kanti ya bushe ne,
har likkafani sai an roƙa.

Ta farke kakin mijinta.
Allura ɗaya gare ta, tana wasa ta a bakin randa.
Dare tara.

Ran Lahadi ta ratsa kasuwa da rigar.
Aka ce ga soja da ɗankwali.
Kafin a yanke gero
mata huɗu sun zo aron takardar.

Yau na kara ta a jikina,
ƙugun ya yi mini kaɗan.
A gefe akwai ɗigon jini, ya koma ruwan ƙasa,
daidai inda yatsanta ya danne.