Takalmi Ɗaya

A bayan kwata na tsince shi, ranar Talata,
waya ta ci wuyansa har ta nutse cikin nama.
Bai yi haushi ba, bai kaɗa wutsiya ba.
Kallona kawai ya yi, kallon wanda ya daɗe a layi
ya kuma san rabon ba zai kai kansa ba.

Rabe mai faci ya ara mini filaya, yana dariya:
"Baba, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Wannan ai furfura ta cika masa baki."
Na ce, ni ma ta cika mini.

Likitan dabbobi ya ƙirga haƙoran da suka rage,
ya ce shekara tara, ko goma.
Karen farauta ne, gudu ya ƙare,
aka ɗaure shi a gindin bedi aka wuce.

Na kai shi lambuna a bakin Ginzo,
can bayan Ƙofar Marusa,
na ware masa kwano, na shimfiɗa buhu a bukka.
Kwana goma sha ɗaya yana ƙarƙashin baro.
Sai na juya baya yake cin tuwo,
kamar abincin ma na sata ne.

A hankali na gane abin da aka riga ni koya masa:
in na ɗaga hannu in share gumi, ya lafe.
In na sunkuya ɗaukar fartanya, ya zaci dutse.
Sandata kuwa,
wadda gwiwata ba ta kai ni masallaci sai da ita,
in ya hango ta, fitsari yake saki.

Sai na fara jingine ta a bakin shinge,
in shiga ina ɗingishi tsakanin kunyoyin latas.
Shi ɗingishi, ni ɗingishi.
Masu ban ruwa suka sa mana suna Tagwaye.

Na kira shi Duna, bai waiga ba.
Na kira shi Ƙyale-su, ya ƙyale ni.
Yana da suna a wani bakin,
sunan da ya tafi da mai shi.

Da kan busasshen kifi na koya masa zama.
In ce zauna, in jira.
In ce zauna, in jira,
har shayina ya huce, ƙuda ya faɗa ciki.
Ranar da gindinsa ya taɓa ƙasa
ban yi ihu ba, tsoron kada ya firgita.
Hasiya jikata ce ta toshe baki tana tsalle.

Wata Asabar mafarauta suka bi ta kan gada,
da ƙaho, da gora, da samarin karnuka.
Ya miƙe. Jikinsa duka ya ɗauki rawa,
kunnen nan tsagagge ya tsaya cak.
Ya kai bakin shinge, daidai inda sandata take.
Ba igiya a wuyansa. Ban kira ba,
da wane suna zan kira?
Ƙahon ya yi nisa, ya yi nisa,
shi yana tsaye har ƙura ta kwanta.

Sannan ya juyo.

Na cire takalmi ina wanke ƙafa a bakin rijiya,
ya zo yana sunsunar na dama.
Kowa ya san abin da ake faɗa
in an ga kare yana sunsunar takalmi.
Ya kuwa ɗauka.
Bai tauna ba. Ya kai shi kan buhunsa,
ya ɗora haɓa a kai, ya rufe ido.

Da magariba na bi ta gaban Rabe,
ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a ƙasa.
Ya ce, "Baba, lafiya?"
Na ce, ajiya na ba wani.