Baƙon da Bai Yi Sallama Ba

Tanimu ya sauka Mando ran Talata,
wata bakwai yana gyaran injin ban-ruwa
a bakin wani tafki can ƙasar Mali.
Ya yo tsarabar busasshen kifi da shadda.
Har ƙiba ya yi, kumatu sun fito.

"Ni fa ko mura ban yi ba,
kamfani ne suka ce sai da takardarku."
Na tura masa kwalba biyu,
ɗaya ta fitsari, ɗaya ta abin da ba a faɗa da ƙarfi.
Ya dube su, ya dube ni, ya gyara zaman hula.

Na ce fitsarin na tsakar rana nake so,
kuma na ƙarshe, ɗigon da ake yarfewa.
"Har fitsari yana da lokaci kamar salla?"
Yana da shi.

Ranar farko ba komai.
Ta biyu ba komai, sai wuta da aka ɗauke,
na zauna jiran Iliya ya ta da janareto.
Amma jininsa ya riga ya yi tsegumi:
wasu fararen ƙwayoyi sun yi cincirindo
kamar 'yan sintirin da suka ji motsi bayan katanga.

Rana ta uku na sa ido a madubi,
na murza, na sake murzawa,
ga shi kwance a gefen haske,
ƙwai ɗaya, kamar ƙwallon dabino, da ƙaya a gindi.
Tsargiya.
Ban yi murna ba. To, na ɗan yi.
Shekara goma sha ɗaya a kujerar nan ta Tudun Wada,
har yau in na kama ɓarawo sai ƙirjina ya buga.

"Ka shiga ruwan?"
"Iya gwiwa. Sai wanka in zafi ya matsa.
Garai-garai, Malama Laraba, kina ganin yatsunki."
Ai shi ne.
Dodon koɗi ke kiwonsu a gindin ciyawa,
su huda fata ba zafi,
su kama haya a jijiya, ba sa biya,
sai an shekara da shekaru mafitsara ta kawo lissafi.

Ya yi shiru. Masu adaidaita na ta hon a waje.
Likita zai auna nauyinsa, ya ƙirga masa magani,
a ci tuwo a sha, a dawo bayan wata uku.

A bakin ƙofa ya juyo.
"Mu shida muka je.
Biyu suna Kakuri, ɗaya Rigasa, sauran..."
Na jawo durowa,
na ƙirga masa kwalba goma.