Sunayen Dankali

Shekara bakwai na yi a Lima
ina leƙen ganye ta madubin gwaji,
ina ƙirga ɗigon cutar da ke cin dankali tun daga ciki.
Ranar da aka ce "Dakta Hermelinda Ayma"
sai na waiga,
na zaci wata ake kira.

Hular ta yi mini yawa.
Yayana Fortunato ya tallafe ta don a ɗauki hoto,
da hannun nan da sitiyarin tasi ya yi wa kanta,
hannun da ya biya kuɗin makarantata
fasinja bayan fasinja.

Wasiƙa biyu suka zo a mako guda.
Ɗaya daga kamfanin maganin feshi:
ofis a hawa na goma sha huɗu, da mota,
da albashin da ya sa Fortunato zama daɓas a ƙasa,
yana dariya har da hawaye.
Ɗaya daga Holan,
inda aka ce ƙasa shimfiɗe take kamar faifai,
shekara uku a ɗakin bincike, sannan a ga abin da hali ya yi.
Farfesa Villafuerte ya ce,
"Wanda ya samu rana, shanya yake yi."

Na ce bari in gaida Mama tukuna.

Awa ashirin a bas, sannan bayan akori-kura,
har Qollpani, inda numfashi yake tsada
kuma gajimare ke kwana a ƙasan gidanmu.
Na tarar da ita a rumbu, ba fitila,
tana ware iri da yatsu.
Wannan Hancin Alade, in ji ta.
Wannan Kwan Tsuntsuwa. Wannan baƙin, Daren Yuni,
ba ya son taki, raɓa ba ta kashe shi.

A kundina, shafi ɗari uku da goma,
Daren Yuni lamba ce kawai: arba'in da bakwai.

Na ce, ina mai jan cikin nan
da muke gasawa a tanderun hoge?
Ta yi shiru.
"Basilio ne kaɗai ke ajiye shi.
Bara muka binne Basilio.
'Ya'yansa sun sayar da gonar, sun cinye irin."

Daren nan ban runtsa ba.
Ba wahayi aka yi mini ba, kada in yi ƙarya.
Lissafi na yi ta yi: bashi, haya, haƙorin Mama,
tayoyin tasin da suka suɗe.
Lissafin bai fita ba.
Har yau bai fita ba.

Ƙungiyar manoma tana da ɗaki ɗaya, rufin kwano,
da katako ashirin, da ɓera,
da albashin da ba ya kai wa ƙarshen wata.
Na karɓi mabuɗin ranar Talata.

Fortunato ya yi wata biyar bai ɗaga wayata ba.
Ban ga laifinsa ba.
Wanda ya ɗauki tulu zuwa rafi
yana da ikon tambayar ina ruwa.

Yanzu yatsuna sun tsage.
Ina bin tsofaffi gona-gona da littafi a aljihu,
su faɗi suna, in rubuta,
in nuna musu tabon cutar tun bai yaɗu ba,
su nuna mini gefen dutsen da sanyi ke tsallakewa.
Ba mai ce mini Dakta sai yara, in suna tsokana.
Wani dare nakan tuna Holan,
in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.
Da safe ya wuce. Ba kullum ba.

Watan jiya wata tsohuwa daga bayan tsauni
ta kwance bakin mayafinta:
guda shida, masu jan ciki.
Na rasa abin naɗewa,
sai wasiƙar kamfani da ke cikin jakata.
Takardar mai kauri ce, ta yi amfani.

Jiya Fortunato ya kira.
Bai gaishe ni ba.
Cewa ya yi, "In kun haƙa, a aiko mini da buhu."

Rana ta fito, Farfesa.
Ga mu a fili, muna shanya.